Yadda Mai Bi Zai Kafa Rayuwar Addu'a Mai Ɗorewa

Da wuya ka sami Kirista da zai musa cewa addu'a tana da muhimmanci. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da mutum ya durƙusa shi kaɗai, ba fasto, ba mawaƙa, ba mai amsa masa da amin. Kafin minti biyar maganar bakinsa ta ƙare, hankali ya tafi wajen bashin da ake binsa ko baƙar maganar da wani ya yaɓa masa jiya. Sai ya tashi jiki a sanyaye, yana ganin shi kaɗai ne ya kasa. Almajiran Yesu Yahudawa ne da suka tashi cikin addu'a tun suna yara, duk da haka a Luka 11:1 ɗaya daga cikinsu ya roƙi Ubangiji ya koya musu yadda ake yi. Ashe addu'a abin koyo ce. Hanyar da zan shimfiɗa a nan tana tsaye ne a kan abu guda: ka bar Allah ya fara yin magana ta Littafi Mai Tsarki, kai kuma ka amsa masa, kullum, ko zuciyarka ta motsa ko ba ta motsa ba.

Ka tsayar da lokaci da wuri tun daren yau

Wanda ya ce zai yi addu'a idan ya sami sarari ba zai same shi ba. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu, ya fita zuwa inda ba kowa. Idan ka karanta ayoyin da suka gabata za ka ga irin yinin da ya wuce a Kafarnahum: koyarwa a majami'a, warkar da surukar Bitrus, sannan da faɗuwar rana mutanen gari suka taru a bakin ƙofa da marasa lafiyarsu. Duk wannan gajiyar ba ta hana shi keɓewa da Ubansa ba. Daniyel kuma, ran da aka sa hannu a dokar hana addu'a, ya shiga ɗakinsa ya durƙusa sau uku kamar yadda ya saba (Daniyel 6:10). Sabon ne ya riƙe shi ranar da wuta ta taso.

Ka fara da minti 15. Na san akwai masu ganin wannan ya yi kaɗan, musamman wanda ya dawo daga taron farkawa zuciya cike da wuta, ya yi alkawarin awa biyu kowace asuba. Irin wannan alkawarin ba ya cika kai mako. Minti 15 da za ka riƙe wata shida ya fi maka amfani nesa ba kusa ba, kuma da kansa zai ƙaru. Asuba ta fi dacewa da yawancin mutane domin hayaniyar yini ba ta cika kai ba tukuna, amma mai aikin dare da mai jego su zaɓi lokacin da idonsu ya fi buɗewa. Babu ayar da ta ce Allah ya fi jin addu'ar ƙarfe biyar.

Wurin ya zama guda, inda za ka iya rufe ƙofa kamar yadda Matiyu 6:6 ya faɗa. In gidan ya cika da jama'a, kujera ɗaya a lungu ta isa. Wayar hannu kuwa ka bar ta nesa da kai. Wanda yake karanta Nassi a waya yana gab da ganin saƙo ya shigo, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya, don haka Littafi Mai Tsarki na takarda ya fi a wannan lokacin. Batun yadda za ka ajiye jikinka, akwai sauƙi: Daniyel ya durƙusa, Dawuda ya zauna a gaban Ubangiji (2 Sama'ila 7:18), Yesu ya fāɗi rubda ciki a Getsamani. Idan durƙuso a bakin gado yana jawo maka barci, tashi tsaye, ko ka riƙa kai da kawowa a hankali.

Da ka zauna, kada ka yi garajen buɗe baki. Mai-Wa'azi 5:2 ya yi wannan gargaɗin. Ka yi shiru na minti ɗaya, ka tuna a gaban wa kake, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka fahimta. Shi ke nan.

Ka buɗe Littafin kafin ka kawo buƙatunka

Nan ne zan daɗe, domin nan ne yawancinmu muke juya abin a baibai. George Müller, wanda ya riƙe gidajen marayu a Bristol ta ƙasar Ingila a ƙarni na 19, ya ba da labarin cewa ya yi shekaru yana fara addu'a da zarar ya tashi, hankalinsa kuwa sai ya yi ta yawo na tsawon lokaci kafin ya natsu. Daga baya ya canza tsari, ya riƙa fara karanta Sabon Alkawari a hankali yana tunani a kan aya, sai ya tarar godiya da tuba da roƙo suna fitowa daga ayar ba tare da ya matsa wa kansa ba. Dalilin a bayyane yake. Idan kai ne ka fara magana, abin da ke cikinka kawai za ka fitar, kuma kullum abu ɗaya ne: lafiya, kuɗi, yara, maƙiya. Idan Kalmar ce ta fara, sai ta kai ka inda da kanka ba za ka je ba.

Tun a ƙarni na 12 wani ɗan zuhudu mai suna Guigo ya tsara wannan hanya a matakai huɗu: karatu, bimbini, addu'a, da natsuwa a gaban Allah. Bari mu gwada su da labarin Bartimawus a Markus 10:46-52.

Ka karanta ayoyi bakwai ɗin sau biyu, na biyun da murya, a hankali. Makaho yana bara a bakin hanyar Yariko, ya ji Yesu na wucewa, ya ɗaga murya, jama'a suka kwaɓe shi, ya ƙara ɗagawa. Yesu ya tsaya ya ce a kira shi. Ya yar da mayafinsa ya zabura. Sai Yesu ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. A karatu na biyu ka lura da inda zuciyarka ta tsaya. Wataƙila a kan mayafin ne. Wataƙila a kan tambayar.

A ce a kan tambayar ce. To, ka zauna a kanta kana juya ta, wannan shi ne bimbini. Me ya sa Yesu zai tambayi makaho abin da yake so, alhali kowa na gani? Ina jin yana so mutumin ya faɗa da bakinsa. Kai fa, da a yau aka yi maka wannan tambayar, me za ka ce? Sau da yawa amsar farko ta fatar baki ce, irin wadda ta dace da coci. Ka jira ta biyu. Mai yiwuwa ita ce, "Ina so in daina jin haushin ƙanena," ko "Ina tsoron sakamakon gwajin da likita ya yi mini." Abin da ya fito, shi za ka faɗa wa Ubangiji, da kalmomin da kake magana da su kullum, ba tare da ado ba. Ka ga addu'a ta samu. Bayan ka faɗa, kada ka yi wuf ka tashi. Ka ɗan zauna shiru minti biyu ko uku, ba kana jiran wata murya daga sama ba, kana dai zaune ne da wanda ya ji ka.

Kada ka bi yawa. Karatun da ake yi don a gama Littafi Mai Tsarki a shekara yana da kyau, amma lokacinsa daban. A nan ayoyi biyar zuwa goma sun wadatar. Ka ɗauki littafi guda ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe maimakon buɗe duk inda hannu ya faɗa. Markus ya dace da mai farawa, surorinsa 16 ne, labarin kuma yana tafiya da sauri.

Akwai wata dabara da Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya rubuta wa wanzaminsa Peter a 1535, da mutumin ya tambaye shi yadda zai yi addu'a. Ya ce ya ɗauki aya ko umarni guda ya yi masa tambayoyi huɗu: me yake koya mini, me zan gode wa Allah a kai, wane zunubina ya tona, me zan roƙa. Ka gwada da umarnin da ya hana shaidar zur. Yana koya maka cewa sunan maƙwabcinka yana da daraja a wurin Allah. Ka gode domin mutanen da suka rufa maka asiri lokacin da za su iya tona ka. Ka furta gulmar da ka sa baki a ciki shekaranjiya. Ka roƙi ikon kame harshe a zaman da ka san za a sake tayar da zancen. Daga gajeren umarni ka sami addu'ar minti goma, kuma ta taɓa rayuwarka ta gaske.

Addu'ar Ubangiji, tuba, da roƙo domin wasu

Ranar da karatun bai buɗe maka ba, ka koma ga addu'ar da Yesu ya koyar a Matiyu 6:9-13. Wani tsohon rubutun koyarwa na ikilisiyar farko, Didake, ya umarci masu bi su yi ta sau uku a rana. Mun haddace ta har muna iya gama ta a numfashi biyu ba mu san mun yi ba. Maganin wannan shi ne ka tsaya bayan kowace jimla ka cika ta da abin da ke gabanka. In ka zo kan zuwan mulkinsa, ka ambaci gidanka da wurin aikinka. In ka zo kan abincin yau, ka faɗi buƙatar yau, ta gobe ta jira gobe. Ka kuma lura da jerin: sunan Allah, mulkinsa da nufinsa suka riga, sannan namu buƙatun. Daga farko har ƙarshe kuma "mu" ake cewa, don haka ko kai kaɗai ne a ɗaki, da 'yan'uwa kake roƙo.

Wajen tuba, ka kira zunubi da sunansa. "Ka gafarta mini duk zunubaina" ba ta da zafi, shi ya sa muke son ta. "Na yi wa matata ƙarya a kan kuɗin nan" ita ce furci. Da ka furta, ka karɓi alkawarin gafara da ke 1 Yahaya 1:9 ka wuce gaba. Yana da kyau ka san bambancin muryoyi biyu. Ruhu Mai Tsarki yakan nuna abu takamaimai, ya kuma nuna hanyar gyara. Muryar da take cewa kai dai ba ka da amfani, Allah ya gaji da kai, ba ta kuma nuna wata mafita, wannan ta mai zargi ce, wato Shaiɗan, kada ka zauna sauraronta. Idan kuma laifin ya shafi wani, Matiyu 5:23-24 bai bar maka hanyar zillewa ba: ka je ka shirya da shi.

Roƙo domin wasu yakan yi nauyi idan ka ce sai ka ambaci kowa kullum. Ka sami ƙaramin littafin rubutu. Mutanen gidanka kowace rana, sauran ka raba su cikin mako: yau shugabannin ikilisiya, gobe marasa lafiya, jibi masu mulki kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ya ce. Ka ware rana ɗaya domin wanda ya cuce ka, ka roƙa masa alheri da sunansa, ko da haƙoranka a cije ne. Ka rubuta ranar da ka fara roƙon kowane abu. In ka waiwaya bayan watanni za ka tarar da amsoshin da ka riga ka manta ka roƙa. Duk wanda kuma ka ce wa "zan sa ka a addu'a," ka rubuta sunansa nan take, in ba haka ba maganar ta zama gaisuwa kawai.

Idan hankali ya ƙi zama

Zai ƙi, kada ma ka yi mamaki. Teresa ta Abila, wadda ta rasu a 1582 kuma ake ƙirga ta cikin manyan malaman addu'a, ta faɗa da kanta cewa ta yi shekaru da yawa ba ta iya fara addu'a sai da littafi a hannu, wani lokacin ma kunnenta na kan agogo tana jiran lokaci ya cika. Luther ya ce wa wanzamin nan, mai aski na ƙwarai idonsa da hankalinsa suna kan aska da gashi, in ya tsaya surutu yana waige-waige sai ya yanke wa mutum hanci. Haka addu'a take son mutum gaba ɗayansa.

A aikace, ka ajiye takarda kusa. In tunanin wani aiki ya faɗo, rubuta shi ka koma. In tunani ɗaya ya yi ta dawowa, wataƙila shi ne ainihin abin da ya kamata ka kai wa Allah, sai ka mai da shi addu'a. Yin magana da murya ko rubuta addu'ar yana taimakawa ƙwarai. Abin da ba shi da amfani shi ne ka ɓata sauran lokacin kana faɗa da kanka. Ka dawo kawai, ko sau ashirin ne.

Ranar da kalmomi suka ƙafe gaba ɗaya, ka ari na Zabura. Su ne littafin addu'ar Yesu kansa, da su ya yi kuka a kan gicciye. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu. Ta 51 ta mai tuba ce, ta 103 ta mai godiya, ta 88 kuwa ta ƙare cikin duhu ba tare da wata ta'aziyya ba, kuma Allah ya yarda ta zauna cikin Littafinsa. Benedikt, a ƙa'idar da ya rubuta wa 'yan zuhudu a ƙarni na 6, ya tsara su gama duka Zabura 150 kowane mako. Kai in ka ɗauki biyar a rana za ka gama cikin kwana 30, in guda ɗaya ce cikin wata biyar.

Sauran yinin, da kafin barci

Umarnin 1 Tasalonikawa 5:17 na yin addu'a ba fasawa yana yiwuwa ne ta gajerun addu'o'i. Nehemiya yana tsaye a gaban sarki, aka tambaye shi me yake so, ya yi addu'a ga Allah na sama tsakanin tambaya da amsa (Nehemiya 2:4). Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, a wasiƙarsa ga wata gwauruwa mai suna Proba, ya ambaci 'yan'uwa a Masar masu yawaita gajerun addu'o'i irin waɗannan don kada hankali ya dushe. Ka zaɓi jimla guda, kamar farkon Zabura 70 mai neman Allah ya gaggauta taimako, ko roƙon mai karɓar haraji a Luka 18:13, ka ɗaura ta a kan abin da kake yi kullum: kafin ka ɗaga kira mai wuya, lokacin da kake jira a layi, sa'ad da fushi ya fara tasowa. Ɗan'uwa Lawrence ya yi shekaru yana aikin girki a wani gidan zuhudu a Paris a ƙarni na 17, kuma abin da aka san shi da shi ke nan, hira da Allah a tsakiyar aiki.

Da dare minti biyar sun isa, bisa tsarin da Ignatiyus na Loyola, wani malamin ruhaniya ɗan ƙasar Spain, ya koyar. Ka gode domin abubuwa takamaimai na yinin. Ka bi yinin daga safe zuwa dare kana duba inda ka amsa kiran Allah da inda ka kauce. Ka nemi gafara, ka miƙa masa gobe, ka kwanta.

Lokacin fari, da addu'ar da ba a amsa ba

Akwai lokacin da za ka yi duk wannan ka ji kamar da bango kake magana. Kafin ka ce yaƙin ruhaniya ne, ka duba jikinka. Da Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi barci ne da abinci, har sau biyu, magana ta zo daga baya (1 Sarakuna 19). Sannan ka duba ko akwai zunubin da kake riƙe da shi ko wanda ka ƙi yafe wa. In ba ka sami komai ba, ka ci gaba da zuwa a lokacinka, kada ka canza tsari a cikin duhu. Wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka buga a 2007 sun nuna ta yi shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah, amma ba ta bar addu'a ko hidima ba. Idan kuwa nauyin ya haɗa da rashin barci, ƙin abinci, ko tunanin hallaka kai, ka ga likita ka kuma gaya wa wani amintacce. Yin haka ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Ban yarda da koyarwar da ke cewa duk addu'ar da ba a amsa ba laifin bangaskiyar mai roƙo ne ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:8-9). Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma sha shi. Wa zai ce bangaskiyarsu ce ta gaza? Ka roƙa da naciya kamar gwauruwar Luka 18, ka faɗi abin da kake so ƙarara, ka bar hukuncin a hannun Uba. Ɗaga murya ba laifi ba ne, amma ba ya ƙara wa addu'a nauyi. Hannatu leɓunanta kawai suke motsi, har Eli ya zaci ta bugu, kuma an ji ta.

Haka nan in ka ji kamar Allah ya gaya maka wani abu, ka gwada shi (1 Yahaya 4:1). Ya yi daidai da Nassi? Yana kai ka ga tawali'u da ƙauna, ko ga abin da dama kake kwaɗayi? Kafin ka ɗauki babban mataki, aure ne ko barin aiki, ka kai maganar gaban mutum biyu da suka manyanta cikin bangaskiya, waɗanda ba sa jin nauyin ce maka a'a.

Azumi yana da wurinsa, amma ka fara da tsallake cin abinci sau ɗaya ka ba addu'a wannan lokacin, ba tare da shela ba (Matiyu 6:16-18). Mai ciwon sukari, mai ciki da mai shan magani su tambayi likita tukuna.

Keɓewa kuma ba ta maye gurbin sujada tare da ikilisiya da Jibin Ubangiji. Ka nemi mutum guda, namiji da namiji, mace da mace, ku riƙa haɗuwa ko kiran juna sau ɗaya a mako na rabin awa, kowa ya faɗi abin da ya karanta da inda yake fama, ku yi wa juna addu'a. Ku yarda tun farko cewa abin da aka faɗa a nan ba ya fita. Ranar da ka tsallake lokacinka, ko ma mako guda ya wuce, kada ka ce sai ka rama da awa uku. Ka gaya wa abokin addu'arka, washegari ka koma kujerarka, ka buɗe Markus daga ayar da ka tsaya.